Ƙosai Mai Rami

Laifin duk na bakina ne. Da na ci na yi shiru kamar sauran malamai, da yanzu mutuncina yana nan daram a gidanmu. An kira mu taron bita na kwana 3 a Kano, a wani otal da bai yi min komai ba sai alheri. Ranar ƙarshe aka kawo shinkafa da kaza, a gefen farantin kuma an jera wasu abubuwa guda 4 masu kama da awarwaron yara, sun soyu sun yi jawur. Na ɗauki ɗaya na gatsa, ya ce ƙaras, har malamin da ke kusa da ni ya waigo. Na yafito yaron da ke raba abinci na tambaye shi wannan wane irin nama ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, albasa ce."

Albasa! Ni ɗan Tudun Kaya ta ƙasar Ƙaraye, inda madatsar ruwan Challawa ke kwance tun 1992, masu noman rani suna ɗiba, wai ni za a ɓoye wa albasa a cikin riga in kasa gane ta. Na ci ta a miya, na ci ta a kwaɗo, na ci ta a gefen tsire, amma ban taɓa ganin ta yi ado haka ba. A mota na nemo bidiyon wani Ba'amurke a YouTube. Ya yanka albasa zobe-zobe, ya tsoma a ƙullun fulawa, ya birgima ta a garin busasshen burodi, ya soka wani ƙarfe cikin mai kamar mai auna zazzaɓi, ya ce zafin ya kai 180. Duk aikin bai fi minti 6 ba. Na ce a raina, ashe abin da mata ke yi mana fankama a kai ke nan.

Ana cikin haka azumin 2024 ya kama, a watan Maris, ga zafi ga kakar albasa. Wata Asabar da hantsi na sanar da uwargida cewa yau ni ne da kayan buɗa-baki. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, ilimi ne ya ƙaru. Ta ce Allah ya sa mu ga alheri, ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a inuwa, inda za ta ga murhu sosai.

Burodin da za a busar a daka ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na yanke shawarar garin kwaki ya tsaya a madadinsa. Sai dai tun da na ci abincin otal, kalmar "kwaki" ta fara yi min nauyi a baki. Na ɗauki waya na rubuta wa autanmu, wanda ke haya da babur: "ka sayo min manyan albasa garin rogo yanzu yanzu". Ba waƙafi, ba babban baƙi, ni da nake jan kunnen ɗalibai a kan waɗannan biyun kullum.

Azahar ta yi, babu Auta. Na kira, waya na ta ringin ba a ɗauka. Sai bayan la'asar ya shigo, ƙura har gira, leɓe ya bushe kamar ƙanzo, ya dire min ledar albasa. Na ce, "To, ina garin?" Ya ce, "Wane gari, Yaya?" Na ce garin rogo mana. Ya ce, "Yana nan inda na baro shi."

Ashe yaron nan har Rogo ya je, wata ƙaramar hukumar daban, da azumi a bakinsa, ya sayo albasar da ake tallarta a ƙofar gidanmu. A baki ba a ruɗewa, domin garin ci ana jan "ga" ɗinsa, garin zama kuwa a taƙaice yake. Rubutun bokonmu ne bai damu da wannan ba. Na fara yi masa wannan bayanin, ya ce in ajiye darasi in ba shi kuɗin mai, ga shi a lokacin, bayan an cire tallafi a 2023, lita ta haura naira 600. Garin kwakin kuwa, 'yar ƙaramar ɗiyata ce ta sayo shi a shagon maƙwabta kafin mu gama musu.

Sai yanka. Albasar Ba'amurken nan fara ce ƙatuwa, kusan ƙwallon yara. Tamu ja ce, dunƙulalliya, mai zafin rai, dangin irin ta Galmi da ta Aliero, wadda aka noma don ta yi magana a cikin miya. Idan wuƙa ta ratsa ta, wani tururi mai sinadarin farar wuta ne ke tashi ya haɗu da ruwan ido, shi ke sa hawaye. An ce sanyin firji yana rage shi, amma namu firjin tun da aka ɗauke wuta ya koma ma'ajiyar kwanuka. Ina tsugune, hawaye shaɓe-shaɓe, majina na bin baya, sai ga maƙwabciyarmu ta yi sallama neman aron rariya. Ta gan ni, ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Wa ya rasu?" Uwargida daga kan tabarma ta ce, "Babu kowa, ilimi ne ya ƙaru."

Abin da ban yi lissafi da shi ba, mai azumi ba ya lasar ƙullu. Na naɗa ɗana ɗan shekara 6 sarkin ɗanɗano. Yaron ya ga muƙami ya samu, kuma ya gane cewa da zarar ya ce ya yi, aiki ya ƙare. Sau 4 yana lasa yana cewa, "Baba, da saura." Sau 4 ina ƙara gishiri.

Na ɗora kasko, na tuttula man gyaɗan da uwargida ta ce na mako guda ne. Ban jira ya yi zafi ba na juye rabin albasar gaba ɗaya. Shiru, ko cuu bai ce ba. Ƙullun ya saɓule ya kwanta a gindin kasko, albasar ta taso tsirara tana iyo, ta sha mai ta yi laƙwas kamar lagwanin fitila. Na ce wuta ce ta yi kaɗan, na tura itace uku. Kashi na biyu kuwa sai da na ɗauraye shi da ruwa saboda tsabta, na jefa a man da ke hayaƙi. Abin da ya biyo baya, ni dai na tsinci kaina a bayan turmi, riƙe da murfin tukunya kamar garkuwa, mai na tartsatsi, kaji na gudu, garin kwaki ya zama gawayi kafin in ce a'uzu billahi.

Ƙaurin ne ya fito da Inna daga ɗaki. Tsohuwar nan da kuɗin ƙosai ta saya min littattafan firamare. Ba ta ce min uffan ba. Ta karɓe matsamin daga hannuna, ta janye itace biyu, ta tsame baƙin garin da ke yawo a mai. Ta sa aka baza sauran albasar a faifai aka goge ta da tsumma mai tsabta, domin ruwa da mai ba sa ga maciji. Ta barbaɗe ta da busasshiyar fulawa don ƙullu ya sami abin kamawa, ta tsinka ƙullun da ruwan randa mai sanyi, ta ƙara ɗan garin shinkafar da aka tanada don waina. Na ce, "Inna, sai zafin ya kai 180 fa." Ta ɗiga ƙullu ɗis a cikin man. Ta ce idan ya nutse ya zauna, da saura. Idan ya taso nan take yana kumfa, ya yi. Idan ya yi duhu kafin ka ƙifta ido, ka zuba wa wutarka ruwa ka je ka kwanta. Biyar-biyar ta riƙa sakawa, wai taron yawa yana kashe zafin mai. Suka fito jawur, aka tsane su a kwando, har sun fi na otal kyan gani. Sarkin ɗanɗano ya gatsa ɗaya, na ji ƙaras ɗin da kunnena.

Inna ta tafi alwala, ta bar ni da nasara a hannu. Don kada su huce kafin a sha ruwa, na juye su da zafinsu cikin kula, na danne murfi ƙam, na nufi masallaci ina tafiya irin ta angwaye. Ashe tururin da ke fita daga jikinsu, idan bai sami hanya ba, kansu yake komawa. Ladan ya kira salla, aka ci dabino, na buɗe kular a gaban dattawan unguwa. Sun yi gumi, sun lanƙwashe, sun rungumi juna.

Wani dattijo ya ɗaga ɗaya, ya leƙa ni ta cikin ramin, ya tauna a hankali, ya nemi ruwa, ya sake neman ruwa. Sannan ya ce, "Malam, na san wake ya yi tsada bana, amma ban san har ta kai ana huda ƙosai ba. Gishirin dai ba ku yi rowarsa ba, Allah ya saka da alheri."

Har yau yaran layinmu Malam Mai Rami suke kirana, Auta kuma yana bina kuɗin lita biyu. Jama'a, duk wanda zai aiki yaro ta waya, don girman Allah ya rubuta garin kwaki.