Tsohon Sojan Jamus a Fadamar Haɗeja

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi, amma ban taɓa yin wanda ya fito tsaf kamar wanda na yi a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi a ƙarshen 2021 ba. Duk kaka, shinkafa shanshera na nan tsibi-tsibi a fadamun gabas da Haɗeja, wajen Guri da Kirikasamma, inda kogi ke sakin jiki ya bazu. Mota ƙirar kanta ba ta shiga. Roka in ta shiga sai an kwana ana turi. Sai dai amalanken shanu, buhu biyar ko shida, tafiyar hawainiya. Alƙalamina ya ce duk wanda ya samu motar da ba ta kafewa, kaka biyu ya mayar da kuɗinsa, ta uku ya biya wa iyali Makka.

Na nuna wa uwargida. Ta duba sama da ƙasa ta ce, "Malam, ban ga inda ka rubuta kuɗin makanike ba." Na ce mata wannan motar ba ta san hanyar gareji ba.

A Kano na same ta, a wani fili bayan shagunan 'yan gwangwan, tana tsaye kamar giwa cikin awaki. Magirus ce ta sojan Jamus, gaba da baya duk tana ja, koriya shar, tayarta ta kawo mini ƙugu. Ta girmi jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, amma agogon tafiyarta bai kai kilomita 50,000 ba. Dillalin ya yi mini bayani, kuma wannan ɓangaren na zancensa gaskiya ne: Jamusawa suna da kamfanin gwamnati, VEBEG, a birnin Frankfurt, wanda aikinsa gwanjon kayan da sojoji da ma'aikatu suka gama da su. Bayan haɗewar Gabas da Yamma a 1990 an rage yawan soja, motoci suka yi ta fitowa kasuwa. Da yawansu a rumfa suka ƙare rayuwarsu, suna jiran yaƙin da bai zo ba.

"Yallaɓai," in ji shi, yana dukan bodin da tafin hannu, "sabuwa ce fil. Tsufa kawai ta yi."

Na sayar da gonar gado da bijimai biyu. Da na je yi wa Kawu sallama, bai hana ni ba, bai kuma sa albarka da ƙarfi ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, ka dai sani soja ko ya yi ritaya ana biyansa fansho."

Na ɗauki direba, dattijo ne da ya shekara talatin a kan roka, kowa Baba yake ce masa, da yaron motarsa. Kafin mu tashi, yaron ya ciko jarka zai zuba wa lagireto ruwa. Ya zagaya gaba, ya leƙa ƙasa, ya hau sama, ya sauko. Babu lagireto. Na riga na fara lissafin yadda zan shaƙe dillali sai ga shi yana dariya: injin Deutz ne, iska ke sanyaya shi, fanka ce ke hura ta a jikin silinda. Ni abin ya burge ni, na ce an rage mana ɗawainiya. Baba kuwa ya ja da baya ya ce, "Alhaji, ni duk abin da ba ya shan ruwa ina tsoronsa."

Cikin kan motar akwai abubuwan da roka ba ta da su. Ga maƙalan bindiga, inda Baba ya soke rakensa. Ga wata ƙofa zagayayya a rufi, daidai kan kujerar fasinja, inda soja ke miƙewa ya leƙa waje. Daga baya na gane cewa da damina ita ce ke tara ruwa ta ɗiga mini a ƙeya, ɗigo-ɗigo, ba ta kuskure.

Awa biyun farko a hanya su ne mafi daɗi a rayuwata. 'Yan acaɓa na watsewa. Tirela ta ba mu hanya. Wani mai sayar da kankana ya ƙame ya sara mana, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗaga masa hannu a hankali irin na manya. Sai muka iso wani shinge. Mai kakin ya dubi motar, ya dube ni da hular zanna da alƙalami ja a aljihu, ya ce, "Wace bataliya?" Na ce ajin ƙarshe nake koyarwa. A nan, a gindin wata bishiya, aka yi mini darasin da ba ya cikin manhaja: tun 1977, zamanin Obasanjo na soja, akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja. Sai da la'asar ta yi sanyi aka sake mu, bayan na yi alkawarin fenti da rantsuwa iri uku.

Bayan magariba, mun kusa gida, yaron mota yana neman inda zai sa cajar waya ya murɗa wani maɓalli. Fitilu suka ɗauke gaba ɗaya, na gaba da na baya har da na birki. Cajar ma ta ƙone, don wutar motar volt 24 ce. Haka muka shiga Haɗeja, yaro ya fito rabin jiki ta ƙofar rufi yana haska hanya da tocila, kamar masu farautar gafiya.

Kwana biyu mai wayarin yana bin wayoyi. Ya canza fis, ya canza ƙwai, ya ce batir ne, na sayi batir biyu. Rana ta uku wani tsohon soja da ke gadi a unguwarmu ya zo wucewa, ya leƙa, ya danna maɓallin ya mayar da shi inda yake. Wuta ta kawo. Ya ce ai na ɓad-da-kama ne, don ayari ya yi tafiyar dare jirgin sama bai gan shi ba. Mai wayarin ya karɓi kuɗin aikinsa cif, ya ce dama can nan zai biyo.

Aka yi mata fenti shuɗi. Daga ranar 'yan acaɓa suka daina ganin girmanta, amma sunan ya riga ya bi ta: Soja.

Sai fansho ya fara. Abin da dillali bai faɗa ba shi ne roba ba ta ƙirga kilomita, shekaru take ƙirgawa. Tayoyin nan masu zane raɗau suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, kamar sun yi shawara. Tiyon iska ya tsage. Baƙin mai ya fara zufa ta wuraren da ban san akwai mai ba. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da wata 'yar roba a leda, shago bayan shago ana juya ta ana cewa, "Ta Marsandi muke da ita." Daga ƙarshe wani yaro ya ce in gwada wajen masu kayan janareto, don irin wannan injin shi ke cikin manyan janareto da injinan ban-ruwa. Can na samu. Tun daga nan in zan sayi kayan mota sai in ce janareto gare ni, ana ma yi mini sauƙi.

Kuma injin da ba ya shan ruwa yana cin ƙura. Ƙaiƙayin shinkafa da ƙurar hunturu su toshe tsagogin silinda, sai ya ɗau zafi, sai an buɗe an hure shi kamar mai tsarkin kunne. Ga gas da ya ninka kuɗinsa fiye da biyu cikin 'yan watannin farkon 2022. Ga 'yan dako da suka ƙara kuɗi, wai bodin ya yi tsawo, sai sun ɗaga buhu sama da kai. Ga takardarta ta ce tan biyar kawai take ɗauka, wato buhu hamsin, alhali roka ana labta mata ninkin haka ta tafi tana nishi ba ta kai ƙara ba. Soja da rundunar makanikai da sito cike da kaya a bayansa aka ƙera wa motar nan. Ni kuwa rundunata albashin malamin makaranta ne.

Damar fanshe haushi ta zo a damina ta 2022. Ruwan da ke gangarowa daga wajen Kano, ta kogunan da aka datse a Tiga da Challawa, ya cika ya batse, ga kacalla ta toshe hanyoyinsa a ƙasa, sai ya bi inda ya ga dama. Wani mai sayen hatsi yana da buhuna a wani ƙauye can ciki, yana so a fito da su kafin hanya ta yanke. Kowa ya ƙi. Ya yi mini tayin ninki biyu. Na ce yau za a san wane ne Soja.

Muka wuce inda wata kanta ta kafe, na leƙa ta taga na yi musu sannu. Muka wuce inda tarakta ta juya. Baba ya sa ogzilari, motar ta shiga caɓi tana gurnani, ta fita, ta sake shiga, ta fita. Baba ya ce mu tsaya haka. Na ce ai yanzu ta fara aikin da aka yi ta dominsa. Kilomita biyu gaba, a wani wuri mai kama da filin ƙwallo, ta tsaya, ta yi wata 'yar girgiza, ta zauna a kan cikinta kamar raƙumi.

A nan na gane amfanin mota mai ja gaba da baya: tana kai mutum ya kafe a inda janwe ba zai iso ba.

Mutanen ƙauye, Allah ya saka musu, sun yi iya yinsu. An haƙa, an shimfiɗa kacalla a ƙarƙashin taya, taya ta haɗiye ta. An ɗaura shanu takwas, igiya ta tsinke, shanun suka dube ni. Muka ce mu kwana a ciki, da safe ma san abin yi. Da asuba na sauke ƙafa na ji ta cikin ruwa. Ƙofofi sun ƙi buɗuwa. Ta ƙofar rufin nan da na sha zagi muka fita ɗaya bayan ɗaya, da ni da babbar riga, wani masunci ya kwashe mu a kwale-kwale. Muna nisa Baba ya waiwaya, ruwa ya rufe injin. Ya gyara zama ya ce, "To, alhamdu lillahi. Yau dai ta sha."

Wata uku tana nan. Masunta suka mayar da ita tasha, suna ɗaure kwale-kwale a madubinta, suna shanya koma a bodinta. Har kwatance ake yi da ita: in ka wuce Soja ka yi hannun dama. Kawu kuwa duk ranar Juma'a sai ya tambaye ni, "Ya mutumin naka? Har yanzu yana bakin daga?"

Da ƙasa ta bushe muka je da tarakta da sarƙa. Yaron mota ya hau bodi ya ɗaga tamfol, sai ya kurma ihu. A cikin lakar da ta taru a kusurwa, tarwaɗa ce ke motsi, goma sha ɗaya, manya-manya. Muka zuba a buhu.

Da dare uwargida ta yi farfesu. Ta ajiye kwanon a gabana ta ce, "Malam, ga lodin farko da motarka ta kawo gida." Na jawo takarda na tara kuɗin gona da bijimai da tayoyi da batir da fenti da hayar tarakta, na raba kan goma sha ɗaya. Na dubi amsar, na dubi kan kifin da ke cikin kwano, na kife takardar na ce a miƙo mini lemon tsami.