Ranki ya daɗe, Magajiyar Sulhu

Ranki ya daɗe, ƙwayar Tireg, magajiyar sulhu a jikin ɗan Adam! Sauran ƙwayoyin garkuwar jiki dakaru ne masu zafin kai, da sun ga baƙo sai kisa. Ke kuwa naki ki dafa musu kafaɗa ki ce a yi haƙuri. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya tono ki a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano FOXP3, ƙwayar gadon da ta ɗaura miki rawani, a 2025 kuma su ukun suka karɓi kyautar Nobel albarkacinki. Ba don ke ba, da jiki ya cinye kansa. Wannan kam ba mai musu.

Sai dai alherinki ya fi fitowa fili a nonon mace. Wanda ya san Kasuwar Umdurman ta Sudan ya san yadda layin masu zinariya ke tashi tsaye in aka yi ihun ɓarawo. Ke ce dattijuwar da za ta ratsa taron, ta lulluɓe ɓarawon da mayafinta, ta ce wa masu gadi ɗan gida ne. Sankarar mama takan saki wani sinadari, CCL22, ta gayyace ki, ke kuma ba kya ƙin gayyata. Ki zo ki kewaye ƙarin, ki lashe sinadarin IL-2 da dakarun ke dogaro da shi, ki watsa musu IL-10 su yi laƙwas. Madalla da wannan karamci! A 2006 masu bincike a Oxford sun ƙirga ki a ƙarin mata fiye da 200, suka ga inda kika yi cincirindo cutar ta fi saurin dawowa, musamman irin wadda sinadarin estrojin ke ciyarwa, wani lokaci ma bayan shekara biyar, mace ta riga ta yi sadakar godiya. Wa ya kai ki riƙon amana?

Kina da 'yan'uwa a waje, su ma a gaishe su. Ga mai shayi nan a bakin kasuwa, tana fifita gawayi da hannun dama, na hagu kuma yana ta gyara mayafinta na taub a kan ƙullutun da ta ji tun bara. Kunya ta ce mata ki rufa wa kanki asiri. Maƙwabciya ta ce iska ce, zai baje. Mai turare da saiwoyi ya ƙulla mata bagaruwa da habbatus sauda, ya ce a shafa safe da yamma. Kowa ya kwantar mata da hankali, kamar yadda kike yi. Sankarar mama ce kan gaba cikin sankarar matan Sudan, kuma akasarinsu ba sa isa gaban likita sai ta yi nisa. Sannunku da aiki.

Manyan masu taya ki kuwa janar-janar ne. Da Burhan da Hemeti suka ja daga ranar 15 ga Afrilun 2023, cibiyar gashin sankara ta Khartoum, wadda ke aiki tun 1967, ta daina karɓar marasa lafiya. Mata suka kwashi takardunsu suka nufi cibiyar sankara ta Wad Madani, yaƙin ya bi su can a Disamban shekarar. Mai hali ta kama hanyar Marawi ko Masar. Marar hali ta koma ɗaki. Kasuwar ma an wawashe ta, wuta ta ci rumfuna, mai shayi ta rasa inda za ta tara kuɗin mota.

Kafin a ƙirga ki sai an yanko tsoka, an samu ɗakin gwaji, da wutar lantarki, da likitan da bai yi gudun hijira ba. Janar-janar sun ɗauke miki wannan tonon silili gaba ɗaya. Ki miƙe ƙafa a nonon matan Umdurman, ranki ya daɗe, babu mai leƙo ki.