Wa Zai Sayi Jirgin Da Ake Tuƙawa Da Ƙeya?

Na san abin da za ku ce, ku mutanen Yawuri da Argungu: me ya haɗa ɗan Badarawa da zancen jirgin ruwa, mutumin da gulbinsa ke komawa filin ƙwallo da rani? Ku dara son ranku. Amma ku zo Ƙaura Namoda a watan Agusta, ku ga gulbin Gagare ya cika ya batse, sannan mu ji ko ba ma neman mai fito.

'Yan boko ne suka taso da maganar. Wai me ya sa ko'ina sai kwale-kwale, ba a sayar da irin jirgin nan na Turawa mai dogayen filafilai biyu ɗaure a gefe, wanda matuƙi ke zama ya juya wa hanya baya yana ja? Wai rashin wayewa ne. Haba malam!

Jirgin yana da gudu, ban musa ba, don har da baya da cinya ake jansa. Tun 1829 ɗaliban Okusfod da Kambirij ke tsere da irinsa a kogin Tems. Sai dai Tems ba ya ƙafewa, kuma suna ajiye wani ɗan tsurut a ƙarshen jirgin yana duba musu hanya. Ko a can ɗin ma ƙaramin kwale-kwalen roba ya fi kasuwa, tunda mutum ɗaya na iya ɗora shi bisa mota.

To balle Gagare da Bunsuru. Ruwa ne na 'yan watanni, ya zo jawur da kututture da ƙaya, tudun yashi yau nan, gobe can. Mai fito tsaye yake, ido a gaba, yana dogara doguwar sandarsa a ƙasa, in zurfi ya yi ya ɗauki filafili guda. Ka zaunar da shi yana kallon inda ya baro, ka ga aiki. Kuma tsakiyar jirgin da matuƙin Turawa ke mamayewa, a nan babur ke kwanciya, da buhunan gero da akuyar da za a kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ina za ka sa su, a kai?

Ku kuma 'yan Argungu, kada in ji bakinku. Tun 1934 duniya ke taruwa tana kallonku kwance bisa gora, riƙe da homa, kuna tuƙi da ƙafa.