Zazzaɓin Giga

Tun shekarar 2023 'yan gem na duniya suke kan wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: katin girafik mai memori giga 8 yana da sauran numfashi, ko a ɗauko likkafani? Wasannin Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I ne suka ta da ƙurar a farkon shekarar, da aka ga katuna masu tsada suna in'ina a cikinsu, bango yana dusashewa, fuskar jarumi tana narkewa. Ana cikin haka Nvidia ta fito da RTX 4060 a kan dala 299, shi ma giga 8, ta kuma yi 4060 Ti iri biyu, mai 8 dala 399, mai 16 dala 499. Dala ɗari cur a kan memori kaɗai. Turawa suka yi ta kumfar baki.

Ni kuwa ina Kano, ban ma san wainar da ake toyawa ba. Ina zaune lafiya da tsohon katina RX 580, ɗan 2017, giga 8, wanda na saya na hannu. Da shi nake lallasa manyan kulob-kulob na Turai a PES 2021 bayan sallar isha, idan an kawo wuta. Ranar da rai ya ɓaci a ofis kuma sai in shiga GTA V in yi ta tuƙi ba bisa hannu ba, ba mai tare ni ya tambayi takardu.

Sai Auta ya zo hutu. Ƙanin matata ne, ɗalibin jami'a, irin yaran nan da suka san farashin kowane kati a Amurka amma ba su san kuɗin mudun shinkafa a Dawanau ba. Ya durƙusa ya leƙa cikin kwamfutar ta gilashin gefe, ya jima, sannan ya ɗago.

"Yaya, giga nawa ne wannan?"

Na ce, "Takwas," ina wani gyara zama.

Ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya jiƙan maza."

Na so in share shi, tunda ƙanin mata abokin wasa ne, amma kafin in ankara ya saka mini wata manhaja, MSI Afterburner, wadda take rubuta lambobi a kusurwar allo yayin da kake wasa: zafin kati, yawan hoton da yake fitarwa a daƙiƙa ɗaya, da memorin da aka ci. Ya nuna ta ƙarshen da yatsa ya ce, "Wannan za ka riƙa kallo. Ranar da ta taɓa takwas, ka shiga uku." Ya ci tuwo malmala biyu ya koma makaranta.

Daga ranar na daina wasa, na koma gadi. Ɗan wasana zai ɗauko ƙwallo daga tsakiya, ya yanke mutum uku, ya rage daga shi sai gola, ni kuwa idona yana can kusurwa. An sha zura mini ƙwallo ban gani ba sai da na ji ihun 'yan kallo. Abin haushin, lambar ba ta taɓa kai rabi ba. Amma wannan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma nake ganin laɓewa ta yi, tana jiran ranar da na saki jiki. Dare ya koma na kallon bidiyon Turawa masu gwada katuna, suna nuna zane-zane ja da kore, suna cewa na'urar PlayStation 5 tun 2020 take da giga 16 da take rabawa tsakanin ayyukanta, don haka masu ƙera gem sun saba da yalwa, ba za su ƙara tsuke ciki saboda talaka ba. Har labarin GTX 970 na haddace, katin 2014 da aka sayar a matsayin giga 4, daga baya aka gano uku da rabi ne masu gudu, ragowar rabin yana jan ƙafa, aka kai ƙara a Amurka, a 2016 aka sasanta a kan dala 30 ga kowane mai kati. Wato akwai ƙasar da ake shiga kotu saboda rabin giga. Ni ga ni da giɓin giga takwas, kuma ina barci.

Uwargida ta lura na rame. Da ta matsa da tambaya na ce mata, "Ƙwaƙwalwar katina ce ta yi kaɗan."

Ta ce, "Ta katin kaɗai?"

Ban tanka ba, na ɗauko biro na hau lissafi. A 2025 RTX 5060 ya fito, dala 299, har yanzu giga 8. Yayansa 5060 Ti mai 8 dala 379, mai 16 dala 429. AMD ta kawo RX 9060 XT, mai 8 dala 299, mai 16 dala 349. Intel ma tun ƙarshen 2024 ta shigo da Arc B580 mai giga 12 a kan dala 249, aka yi ta yi mata tafi. A bakin Bature duk waɗannan katunan masu ƙaramin ƙarfi ne. Da na buga dala 299 a kan naira 1,500, sai ga kusan dubu 450, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne. Albashin wata shida da ɗoriya ke nan, don a ga gashin gemun ɗan wasa sili-sili. Na rufe littafin na yi istigfari.

Washegari na buɗe shi.

A ƙarshe dai na cire katina, na naɗe shi a tsohuwar hula, na nufi kasuwar 'yan kwamfuta. A wani lungu na samu mai shago, matashi mai fara'a, wanda tun kafin in gama sallama ya naɗa ni Alhaji. Na faɗa masa damuwata. Ya saurara da irin natsuwar likitan da ya riga ya san allurar da zai yi, sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya zaro kwali mai hoton damisa da rubutun Sinanci. A jiki an rubuta RX 580, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe, 16GB.

"Alhaji, irin naka ne sak, sai dai shi an ninka masa ciki. Sabon shigowa. Ko Legas bai gama zagawa ba."

Zuciyata ta buga. Giga 16, abin da ake biyan dala ɗari huɗu da wani abu a kansa, ga shi a lungu, kusa da mai sayar da awara. Na yi ta maza na taya, ya yi dariya, na ƙara, ya rantse da cewa faɗuwa zai yi. Muka daidaita a kan in bar masa nawa in yi cikon dubu 45. Kuɗin kuwa na gyaran famfon banɗaki ne da aka ba ni ajiya. Na fito ina tausayin mai shagon, don a ganina bai san darajar abin da ya sayar ba.

A gida na ɗaura kati, fankoki suka juya, kwamfuta ta tashi, ta nuna katin mai giga 16 ne. Na ɗauki hotonta na ajiye don ranar da zan kunyata Auta. Na kunna PES. Ƙwallo dai ita ce, ciyawa ita ce. Na shiga GTA V, sai na ga kamar lambar hoto a daƙiƙa ta ɗan ragu, na ce sabon kati ne, bai saba da gidan ba.

Gwajin gaske shi ne Indiana Jones and the Great Circle, wanda ya fito a Disambar 2024, gem ɗin da Auta yake cewa da shi ake bambance maza. Na karɓi aron asusunsa ba tare da na faɗa masa dalili ba. Nauyin gem ɗin ya haura giga 100, don haka da datar dare na riƙa jan sa, ina tashi tsakar dare kamar mai tahajjud, har maƙwabcina ya fara gaishe ni da girmamawa. Da ya kammala sauka na yi wanka, na haɗa shayi, na kira yara su zo su ga ikon Allah. Na danna. Allo ya yi baƙi, wani ɗan akwati ya fito da Turanci mai kaushi, gem ya rufe kansa. Na sake dannawa, ya sake rufewa. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, shi ke nan fim ɗin?"

Na kwashi kwamfutar sai wurin wani mai gyara da muke kira Injiniya, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya buɗe manhajar GPU-Z, ya dubi allo, ya dube ni, ya cire tabarau na idon ya sauko da na goshin.

"Malam, me ka bayar aka ba ka wannan?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, irin na gidan makoki.

Ashe RX 580 suna ne da kati biyu suke amsawa. Na asali, wanda na naɗe a hula na kai da hannuna, yana da ƙananan ma'aikata 2,304 a cikin ƙwaƙwalwarsa. Akwai kuma wani da aka yi wa kasuwar Sin a 2018, mai 2,048, wanda in an bi salsala RX 570 ne aka sauya wa suna. Shi ne a gabanmu. Injiniya ya ce tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katuna a Satumbar 2022, tsofaffin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwa, wasu ƙananan masana'antu suna ciro ƙwaƙwalwarsu, su dasa a sabon allo, su liƙa memori mai yawa, su sa a kwali mai damisa. Memorin gaske ne, ya ce, ba a yi mini ƙarya ko ta giga ɗaya ba.

"To me ya hana shi gudu?"

Ya ce, "Ka san tela? Memori teburinsa ne. In tebur ya yi ƙanƙanta, duk yadin da zai yanka sai ya tashi ya ɗauko daga ɗaki, shi ne in'inar da kake gani a bidiyo, kati ya cika ya koma aro daga memorin kwamfuta ta hanya mai nisa. Wannan matsala ce ta gaske, Turawan ba ƙarya suke ba. Amma kai telanka tsoho ne, riga ɗaya yake ɗinkawa a wuni, teburinsa ko rabi bai taɓa cika ba. Sai ka sallame shi, ka ɗauko wanda ya fi shi tsufa, ka saya masa tebur biyu."

Indiana Jones kuwa, in ji shi, ba giga ya nema a wurina ba. Yana buƙatar kati mai sashe na musamman da ke lissafin yadda haske yake faɗawa kan abu ya dawo, kuma duk zuriyar RX 580 ba wanda aka haifa da shi. Ya nuna mini mafi ƙarancin abin da masu gem ɗin suka ce a tanada: RTX 2060 Super ko RX 6600. Na tambayi giga nawa ne su. Ya ce takwas-takwas.

Na nemi kujera.

Tunda ya ga na zauna, sai ya ƙara mini karatu kyauta. Yawan memori ba alamar ƙarfi ba ce, sau da yawa faɗin hanyar da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwar kati ne yake yanke shi, domin kowace ƙwayar memori tana cin layi 32. RTX 3060 na 2021 layinsa 192 ne, ƙwaya shida ke nan, dole ya zama giga 6 ko 12, aka ba shi 12. RTX 3070 mai layi 256 ya tashi da 8, kuma ya fi 3060 gudu nesa ba kusa ba. Ita ma lambar kusurwa da na yi ta gadi, ya ce ba kullum take faɗin abin da gem yake buƙata ba, wani gem ɗin in ya ga fili sai ya baje kayansa ko ba zai taɓa su ba. Mai allo irin nawa na 1080, da wasannin da suka girmi 'yata, in ma wani sabon gem ya matsa, sai ya rage saitin zanen bango da tufafi daga ƙoli zuwa na biye, ya ci gaba da harkarsa.

Da sassafe na koma lungu. Mai shago ya tarbe ni da fara'ar rannan, ya ce ai kaya in ya fita ya fita, kuma giga 16 na nema, giga 16 ya ba ni, ko akwai wadda ta ɓace? Na ce to a sayar mini da nawa na da. Ya ce ai bai kwana ba, irin waɗannan na asalin ba sa zama, wani ɗalibi ya turo abokinsa ya ɗauka.

Ranar Juma'a muka je gaishe da surukai. Daga ɗakin zaure nake jin ihun 'yan kallo da muryar mai sharhin ƙwallo. Na leƙa. Auta ne zaune a gaban wata kwamfuta da ya harhaɗa, gefenta a buɗe, a ciki kuma ga kati mai ɗan tabon fenti a kusa da fanka ta biyu, tabon da na san ranar da aka yi shi.

Na ce, "Auta, giga nawa ne wannan?"

Ko juyowa bai yi ba. "Takwas ne, Yaya. Wallahi a banza na same shi, wani bawan Allah ne ya kai musaya. Ai in dai PES ne, ya isa har ya yi yawa."

Uwargida tana bayana, ta ce tunda an zo maganar kuɗi, yaushe mai famfo zai zo?

Muna hanyar komawa gida wayata ta yi ƙara. Mai shago ne. Ya ce ya tuna da ni, kaya sun sauka, akwai wani Tesla P40 na manyan kamfanoni, giga 24. Matsalarsa ɗaya ce ƙarama, ba shi da fanka, kuma babu ramin da ake soka wayar allo, don ba a yi shi don a ga hoto ba.

Na saci kallon uwargida, na ga hankalinta yana kan titi. Na rage murya na ce, "In na kawo mai sha shidan, nawa zan cika?"