Kujerar da Ta Dawo Daga Bola

A shekarar 1962, wani mai zayyana kayan ɗaki a ƙasar Polan, Józef Chierowski, ya ƙirƙiro wata 'yar kujera mai hannun katako. Ko suna ba a raɗa mata ba. Lamba aka ba ta, 366, sai ka ce fursuna.

Zamanin kwaminisanci ne, aka yi ta ƙera ta har dubu ɗaruruwa. Ofis ita, gidan shayi ita, falon kaka ita. Mutum ya je gaida maƙwabci, sai ya tsinci kansa zaune a kan kujerar gidansa.

Da mulkin kwaminisanci ya faɗi a 1989, jama'a suka ce ai sun waye. Aka yi ta jidar baiwar Allah ana kai ta bola.

Yanzu fa? Jikoki ne ke zagaye kasuwar tsofaffin kaya suna cigiyarta, da kuɗi masu kauri a aljihu. Har wani kamfani ya koma ƙera ta sabuwa fil. Kaka dai ta riƙe haɓa tana kallon ikon Allah.

Saboda haka mai karatu, kafin ka jefar da tsohuwar kujerarka, tuntuɓi jikanka tukuna. In ba a haife shi ba, jira shi.