Iri-iren Mutane a Zauren Masu Karatu

Dokar ƙungiyar karatu ɗaya ce: littafin da aka zaɓa a wata, kowa sai ya karanta, ko ransa na so ko ba ya so. Ranar tattaunawa kuwa, sai halin kowa ya fito fili.

Akwai Hajiyar Soyayya. Tun tana budurwa ta haddace In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino. Aka ba ta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta bi rairayin hamada shafi bayan shafi tana jiran budurwa ta ɓullo. Da uwar Umar ta sha wahalar duniya wajen neman ɗanta, ita Hajiya tambayarta ɗaya ce: "To wai a ƙarshe wa ya auri wa?"

Sai Malam Mai A'uzubillahi, wanda bai san komai ba sai tarihin Shehu da littattafan fiƙihu. Ranar da aka zaɓi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, ya karɓa da yatsu biyu, ya ce don zumunci kawai zai leƙa. Ranar zama ya iso da jajayen idanu, alamar bai runtsa ba. Shi ne ya fi kowa ɗaga murya kan yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta, har yana buga sanda a ƙasa. Da aka tashi, ya ja sakatare gefe ya raɗa masa: "Ɗana, matar nan tana da wani littafin? Iyali ne ke tambaya."

Ga kuma Ɗan Boko. Ko gaisuwa aka yi sai ya sako Achebe. Aka miƙa masa Magana Jari Ce ya karanta da ƙarfi, ya riƙa tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, gumi na zuba. Uzurinsa wai tabarau ya manta a mota.

Mai Bangon Baya shi bai taɓa buɗe ciki ba. Yana gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Gaskiya littafin yana da zurfi." In aka matsa masa, sai kiran waya ya shigo.

Ɗan'uwansa shi ne Na-Ga-Fim. Ya kalli Shaihu Umar ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976, don haka yake musu da waɗanda suka karanta, yana cewa ai ba haka aka yi ba.

Ta ƙarshe ita ce Anti Mai Kula. Shekara guda ba ta gama littafi ko ɗaya ba, amma ita ke kawo zoɓo da dublan. Sau biyu ana kawo shawarar a sallami marasa karatu, duk lokacin sai a tuna da kularta, a ɗage maganar zuwa wata mai zuwa.