Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kulocin Tsohuwar Motata

Ranka ya daɗe Baba Kuloci,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ko da yake lafiyar taka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ku uku ne a ƙarƙashin sitiyari: totur a dama, birki a tsakiya, kai a hagu. Aikinka ba shi da wata wahala. A taka ka, ka raba inji da giya. A ɗaga ƙafa, ka tashi ka haɗa su. Amma kwanan nan ka tsiri wata ɗabi'a: in na taka ka sai ka lafe a ƙasa ka ƙi tashi, sai na cusa babban yatsa na zaƙulo ka, alhali danja ta ba da hannu, 'yan adaidaita sahu kuma sun cika mini kunne da oda.

Ka tuna gidan da ka fito mana. Peugeot 504 ce fa, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta lashe gasar Safari a Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ɗan irin wannan gida ba ya kwanciya a tsakiyar titi.

Da na kai ƙararka gareji, yaron bakanike ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, sai an sauke giya." To, a nan muka rabu. Sauke giya aikin yini guda ne da kuɗi masu kauri, kuma ni ban yarda a fara tsaga cikin mara lafiya kafin a taɓa goshinsa ba. Shi ya sa na ce bari mu yi magana ni da kai, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na fara da ƙasan ƙafata. Kafet bai naɗe ya riƙe ka ba. Sifirin ɗin da ke dawo da kai yana nan, bai karye ba, sai dai ƙusar da kake juyawa a kanta ta bushe ƙayau, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta cinye giris ɗin. Na shafa sabo, ka ɗan yi laushi, amma halin naka bai sake ba.

Saura maganar mai, kuma a nan nake zarginka. Kai ba irin kulocin Volkswagen Beetle ba ne da waya ke ja. Man birki ne ke tura ka, daga masta na sama, ta cikin bututu da tiyon roba, zuwa na ƙasa da ke jikin giya. Na lura in na tattaka ka da sauri sai ka farfaɗo ka yi ƙarfi, can an jima ka sake langaɓewa. Wannan alamar iska ce a cikin layi, ko kuwa robobin masta sun gaji suna barin mai yana kufcewa. Na leƙa tankin masta, man ya ja baya, kuma ya yi baƙi ƙirin. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake so a canza shi duk bayan shekara biyu, in ba haka ba ruwan ya ci cikin silinda da tsatsa. Na kuma shafa bayanka inda sandar masta ke shiga, hannuna ya fito da maiƙo. Baba, kana yoyo a ɓoye ba ka faɗa ba.

Tiyon ma ban wanke shi ba. Tsohon tiyo yakan kumbura ta ciki, waje sumul: ya bar mai ya wuce da ƙarfin ƙafa, ya hana shi dawowa. Wanda kuma ya taɓa ɗura maka baƙin mai ko man giya don babu man birki a kusa, Allah ya shirye shi, domin irin wannan man kumbura roba yake yi har fistin ya maƙale.

Ga shawarar da na yanke. Ran Asabar za a canza robobin masta na sama da na ƙasa, a sa sabon tiyo, a zubar da tsohon mai. Sannan a fitar da iska: ni ina ciki, bakanike yana kwance a ƙasa da sifana yana cewa "taka, taka, riƙe," ya kwance nonon fitar da iska mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin in saki, har sai kumfar ta ƙare. Ina roƙonka kada ka ba ni kunya a gaban yaron nan.

In an yi duk wannan ka ci gaba da kwanciya, ko ka fara kuka duk lokacin da aka taka ka, to cutar tana can ciki: ko biyarinka ya bushe yana cijewa a kan hannun rigarsa, ko faifan matsi ya gaji. A lokacin zan sa hannu a sauke giya, kuma kuɗin da na ware na fenti shi zai tafi, motar ta ƙara shekara da koɗaɗɗen jikinta saboda kai.

Ka gaida birki, ka ce masa kada ya kuskura ya koyi halinka.

Naka mai haƙuri,
Mai ƙafar hagu